Moton nan na miliyan 25 da kunka buga, ni na taɓa shi da hannuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka duka, ya aiki, ya haƙuri da zahi. Ni makaniken moto ne nan Tawa, shekara ta 31 ke nan hannuna na cikin baƙin mai, kuma ban taɓa rubuta wa jarida ba sai yau. Abin da ya tada ni shi ne hoton moton Amurka nan Harley-Davidson da kunka buga kwanan baya, wanda aka ce ma CVO. Yaron garejina ne ya kawo mini jaridar shina ta murna, wai baba duba ka ga moton da ya fi kowane moto gudu a duniya, wai da shi ana iya ƙetare Tenere cikin wuni guda. Na ce wa ya gaya maka haka? Ya ce ai ga shi nan an rubuta. To Malam Edita, da girmanka, wanda ya rubuta abin nan bai taɓa tura moto cikin rairayi ba. Da dare kuma na je fada sai na iske wata gardamar, rabin mutane na cewa almubazzaranci ne tsantsa, wanda duk ya sayi wannan abu a ƙasar da ake neman hatsi ya kamata a yi mishi rukiyya, rabi kuma na rantsuwa da sun samu kuɗɗi gobe za su saye shi su sa shi kabu-kabu don a san sun iso. Duka ɓangarori biyun ba su san mi suke magana a kai ba, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Shekara biyu da sunka wuce, cikin sanyi, anka yi wani babban biki a Wadata, ɗan wani ɗan kasuwa ya yi aure. Cikin abokan ango akwai wani da ya taso tun daga Yamai bisa irin wannan moton, ba a mota anka ɗauko mishi shi ba, shi da kanshi ya hau, ya bi Doso, ya bi Dogon Dutsi, ya wuce Ƙonni, ya karya kwana a Tsarnawa ya miƙo Tawa, wajen kilomita 550 ke nan. Duk wannan tahiya ba abin da ya same shi. Sai da ya shigo gari, ya bar kwalta zai shiga lungun gidan biki, taya ta gaba ta nutse cikin rairayi, shi ke nan moto ya kwanta gefe guda sannu a hankali kamar raƙumin da ya gaji. Mutumin bai ji ciwo ba, kunya dai ya ji, don 'yan mata na tsaye bakin ƙofa. Mu huɗu munka tada shi, kuma ba yara ba, ƙarti huɗu, ɗaya ma ɗan dako ne na kasuwa, sai da ya ce wannan ai buhun siminti takwas ne na Malbaza anka sa ma taya. Bai yi nisa da gaskiya ba, nauyin irin su ya kusa kilo 400.

Nan anka turo shi garejina don abin taka bitesi ya ɗan lanƙwashe kuma madubi ya sassauto. Wallahi Malam Edita da na durƙusa gabanshi sai da gabana ya faɗi. Jikin marfin iska an rubuta 117, mai shi ya ce wannan girman injin ne da awon Amurkawa, in ka mai da shi irin namu sese 1,923 ke nan. Mu nan abin da muke kwancewa kullum 110 ne da 125 da 150. Ka ga injin guda ya haɗiye na moton Kasea mai 125 har goma sha biyar. Fentin kuwa ban san yadda zan kwatanta ba, ja ne mai duhu amma in rana ta doke shi sai ka ga kamar akwai wani launi ƙarƙashin launi, kamar kana leƙa ruwan rijiya. Sirdin fata ne da ɗinki layi-layi ba ko zare guda da ya kauce, ga akwatuna biyu gefe da gefe masu makulli, ga rediyo da lasifika, ga gilashi gaban mai tuƙi irin na salula shina nuna hanya. Babu sarƙa, bel ne ke jan tayar baya. Mai ma iri uku ake zuba mishi wuri uku daban, na inji daban, na akwatin bitesi daban, na wajen ambiriyaji daban, wanda bai sani ba in ya ce zai yi mishi bidanji sai ya yi ɓarna.

Sai ga abin kunya. Na ɗauko kile 14, ta ƙi shiga. Na ɗauko 15, tana zamewa. Na koma 13 kan wani noti, ta shiga amma tana rawa, in na matsa zan cinye kan notin mutane. Yarana na kallo na, mai moto na kallo na, 'yan kallo sun cika ƙofa har da masu tallan ƙosai. Ashe notukan ba na milimita ba ne, na inci ne. Nan na tuna da akwatin maigidana, Allah shi jiƙan shi, wanda ya koya mini aiki, shi tun zamanin tsoffin Land Rover na gwamnati ya fara gyara kahin ya koma kan mobilet. Na shiga ɗaki na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ƙura, ga kile nan biyu sun yi baƙi, ɗaya an rubuta 1/2 ɗaya 9/16. Na sa, ta zauna daram kamar don ita anka yi notin. Shekara ashirin da wani abu ina cewa zan sai da akwatin nan ga masu sayen ƙarhe da kilo, Allah bai nufa ba.

Da na gama ya tada shi. To nan ne zancen yake. Ba kuka yake ba irin na motocinmu, wata irin tahiya ce sautin ke yi, dum-dum, shiru kaɗan, dum-dum, kamar doki na takama gaban sarki, har ƙasa kana jin ta cikin tahin ƙafa. Ni da yake sana'ata ce sai da na bi diddigin dalili. Silinda biyu ne an kafa su kamar baki buɗe, tsakaninsu digiri 45, kuma sandunan fistan ɗin duka biyu wuri guda sunka kama jikin ƙarhen da ke juyawa. Saboda haka wuta ba ta tashi daidai wa daida, ɗaya ta tashi bayan digiri 315, ɗayar sai bayan 405, shi ne wannan ɗingishin da kake ji. In injiniya ne na yau zai ce maka wannan aibi ne, shina sa girgiza, kuma silinda ta baya ta fi shan zahi don iska ba ta kai mata sosai. Amma su tun 1909 sunka fara wannan tsari kuma sunka ƙi saki, don masu saye sautin suke saye. Har a 1994 kamfanin ya nemi hukuma ta yi mishi rajistar sautin, wai kada wani ya kwaikwaya, sauran kamfanoni sunka tashi da gardama, anka yi ta ja har shekara ta 2000 sunka janye. Ka taɓa jin inda anka kai ƙarar kukan inji gaban hukuma in ba can ba?

Yanzu bari in koma kan abin da kunka rubuta. Wannan moton ba na tsere ba ne. Akwai motocin Japan da na Italiya da rabin nauyinshi ba su kai ba, za su bar shi a baya tun bai gama shiga bitesi na uku ba. Kuma ba na hamada ba ne ko kaɗan, cikinshi kusa da ƙasa yake, tsakaninshi da ƙasa bai wuce taƙi guda ba, tudun rage gudu na cikin gari ma sai an lallaɓa. Mu da munka ga zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Agadas mun san irin moton da ke cin rairayi, dogaye ne marasa nauyi, wanda ya ci na farko a 1979, Cyril Neveu, bisa Yamaha XT500 yake, silinda guda, ba rediyo ba akwati. Harley ɗin da kunka nuna an yi shi don kwalta mai santsi, miƙaƙƙiya, mutum ya zauna kamar cikin kujerar falo, ƙafa a miƙe bisa faranti, matarshi a baya, su yi wuni suna tahiya bayansu bai yi ciwo ba. Tankinshi lita 22 ne da 'yan kai, bitesi shida. Daga Yamai zuwa Tawa zai zo da kai lahiya lau, na gani da idona. Amma ka ce ya kama hanyar Abalak zuwa Agadas yadda ramu sunka cinye ta wuri-wuri, wannan zalunci ne ga moto da mai moto duka. Kuma ba moton da za ka tsaya wurin 'yan ruwa-ruwa ka ce a juye maka kwalba biyu ba ne, shi mai mai kyau yake so, tatacce.

Su kuma 'yan fadarmu masu cewa hauka ne, na ce musu ku tsaya. Ran hawan salla in anka hito da ingarman sarki, an ɗora mishi jalala, linzami da azurfa, likkafa na walƙiya, akwai wanda ke cewa kai wannan doki bai iya ɗaukar buhun albasa daga Galmi ba, gara jaki? Kowa ya san jaki ya fi shi amfani ran kasuwa. Ba aikinsu guda ba. CVO ɗin nan dokin salla ne. Haruffan ma na nuhin Custom Vehicle Operations, wani sashe ne da anka buɗe cikin kamfanin a 1999, aikinshi ya ɗauki moton da ake yi wa kowa ya ƙara mishi inji mafi girma, fenti na musamman, kayan ƙawa, kuma ba a yin su da yawa kowace shekara. Dā can masu moton ne da kansu ke saye su kai gareji a yanke nan a ƙara can a sake fenti, sai kamfanin ya ga to mi zai hana mu yi musu tun daga masana'anta mu karɓi kuɗɗin. Na 2023 an sa mishi sabon inji mai lamba 121, sese 1,977, kuɗɗinshi can Amurka wajen dala dubu 43, in ka juya shi sefa ya haura miliyan 25, kuma ba a yi zancen jirgi da duwan ba tukuna. Da wannan kuɗɗi za ka sayi motocin kabu-kabu wajen arba'in ka raba ma samarin unguwa. Wannan lissahi gaskiya ne, ban musa ba, ni ma da za a ba ni kuɗɗin ba shi zan saya ba, gida zan gama rufewa. Amma tambayar da ba wanda ya yi a fada ita ce, mi ya sa mutum mai hankalinshi zai ba da kuɗɗin moto arba'in don guda, kuma gobe ya sake dawowa wurin kamfanin nan dai?

Ƙarhen da roba da fentin ba su kai haka ba, ni makanike ne na sani. Suna ne ake saye. Kuma sunan ba daga sama ya faɗo ba.

A 1903, a wani gari Milwaukee cikin jihar Wisconsin, wasu samari, William Harley da abokinshi Arthur Davidson, sannan 'yan'uwan Arthur biyu Walter da William sunka shigo, sunka fara haɗa inji jikin keke cikin wata 'yar rumfar katako bayan gidan su Davidson, ƙafa 10 ne faɗinta tsawo 15. Malam Edita garejina ya fi ta girma. Lokacin kamfanonin moto sun yi yawa a Amurka, babbansu ma Indian ne wanda ya riga su da shekara biyu, tun 1901. Karayar arziki ta 1929 ta share kusan duka, manya biyu sunka tsira, Harley da Indian. A yaƙin duniya na biyu Harley ya yi wa soja moto wajen dubu 90, sojojin da sunka dawo gida sun saba da shi, sunka saye ragowar da araha sunka ci gaba da hawa, daga nan ne al'adar yanke-yanke da gyare-gyaren ta yi ƙarhi. Indian kuwa a 1953 ya ruhe ƙofa, sunan ya yi ta yawo hannu-hannu kamar rigar gado har kamfanin Polaris ya saye shi a 2011 ya tada shi. Harley bai taɓa tsayawa ba tun 1903, wannan ne abin da suke taƙama da shi. Injinansu ma kowane da laƙabinshi kamar 'yan kokowa, Knucklehead na 1936, Panhead na 1948, Shovelhead na 1966, masu moton na zaune suna lissafa su yadda dattawanmu ke lissafa wa ya ɗauki takobi a wace shekara.

To amma inda ya fi burge ni ba nan ba ne, wurin da sunka kusa mutuwa ne, kuma jaridarku ba ta ko taɓo shi ba. A 1969 wani babban kamfani AMF, wanda ya fi sanin kayan wasanni, ya saye Harley. Sabbin masu gida sunka ce a yawaita, a yi sauri. Anka yawaita, aiki ya lalace, moto sabo fil shina ɗigar da mai tun cikin kanti, har abin ya zama abin ba'a. Kuma daidai lokacin ne Japanawa sunka shigo da ƙarhinsu, Honda ya hito da CB750 a 1969 ɗin nan, silinda huɗu, ba ɗigo, ba gardamar tashi, ga araha. Sunan shekara sittin da wani abu ya kusa zubewa cikin shekara goma. A 1981 mutum 13 daga cikin manyan ma'aikatan, da Vaughn Beals a gaba da Willie G. Davidson jikan ɗaya daga masu kafawa, sunka ci bashi sunka fanshi kamfanin kan wajen dala miliyan 80. Ba su tsaya zagin Japanawa kawai ba, sunka je sunka kalli yadda Honda ke aiki a masana'antarshi ta Ohio, sunka dawo sunka gyara nasu. Gwamnati ma ta tallafa, a 1983 shugaba Reagan ya ɗora haraji mai nauyi kan manyan motocin Japan da sunka haura sese 700, na shekara biyar. A 1984 sunka hito da injin Evolution wanda ya daina zubar da mai ya daina ba mutane kunya, kuma a 1987, tun wa'adin bai cika ba, su da kansu sunka ce ma gwamnati a cire harajin mun miƙe. A 1983 ɗin ne kuma sunka kafa ƙungiyar masu hawa da ake ce ma HOG, wanda duk ya sayi moton ya zama ɗan dangi, ana taro ana tahiya tare, har akwai masu zana tambarin kamfanin a fatar jikinsu. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zana sunan moton Sin a damtsenshi ba.

Kada a ce ina yi musu talla, ba su san ina duniya ba. Suna da nasu ciwon kai. Masu sayensu sun fara tsufa, samarin can ba su da wannan kuɗɗi, kuma kamfanin da ke bugun ƙirji da sunan Amurka yanzu yana da masana'anta a Tailan, sun ma haɗa kai da kamfanin Hero na Indiya, a 2023 sun hito da wani ƙarami X440 mai silinda guda. Wato su ma sun gane dokin salla kaɗai ba ya ciyar da gida. Kuma gaskiya rabin abin da ke jikin CVO ƙawa ce, lasifika mai ƙarhin da za ta tada unguwa ba ta ƙara ma moto komi.

Abin da ke ci mini rai shi ne in na juyo na dubi abin da ke gabana kullum. Moto a ƙasar nan ba wasa ba ne, shi ne motar asibitin ƙauye, shi ke kai mai naƙuda, shi ke kawo nono da itace, shi ke biyan kuɗɗin lakwal na yara dubbai. Wanda ke shakka ya tambayi mutanen Difa yadda rayuwa ta koma da anka hana hawan moto a 2015 saboda tsaro, ko na wasu yankunan Tilaberi daga 2020. Mun fi Amurkawa buƙatar moto nesa ba kusa ba. Amma wane suna muka riƙe? Bana a kawo wani iri da suna mai daɗi jikin tanki, kowa ya saya, baɗi ka nemi kayan gyaranshi a ce ai an daina kawo shi, ga wani sabo, injin guda ne sunan ne kawai anka canza, amma an ɗan sauya wani abu yadda na bara ba zai shiga ba. Watan jiya na sa ma wani ɗan kabu-kabu segman sabbi cikin kwalinsu, kwana tara ya dawo hayaƙi na bin shi kamar mai gasa tsire, shina ce mini baba ka cuce ni. Ban cuce shi ba, ni ma haka anka sai da mini, kuma ba wanda zan je in kama, don kwalin ba adireshi, mai kanti ya ce shi ma daga wani ya saro. Na sake mishi aikin kyauta, kuɗɗin cefanen kwana biyu ya tahi. Shi kuwa mai Harley ya gaya mini can ƙasarsu mutum na iya samun kayan gyaran injin da ya girmi ubanshi, kuma a Milwaukee sun gina gidan tarihi tun 2008 inda sunka ajiye motocinsu tun daga na farko-farko. Ba don sun fi mu hankali ba ne, don sun san in sunan ya ɓaci abincinsu ya ƙare, sun kuma ɗanɗana a zamanin AMF.

Kuma ba wai ba mu da gadon ba. Sirdin fatar nan da na tsaya ina shafawa, wallahi dukawan Tawa za su yi wanda ya fi shi in an ba su fata mai kyau da lokaci, je ka ga takalman da suke yi da jakunkuna. Dubi sirdin raƙumi na Buzaye, dubi aikin azurfa na maƙeran Agadas, wannan ai shi ne ainihin kayan ƙawa na mai hali, kowane da hannun wanda ya yi shi, masana na kallo su ce wannan aikin gidan wane ne. Sai dai ba mu buga suna, ba mu rubuta shekara, tsoho ya mutu ɗanshi ya tahi bida Abijan, jikan kuma bai san ma kakanshi ya iya wani abu ba. Maigidana da na faɗa maka, mutum ne da ke sa kunne jikin mobilet ya gaya maka abin da ke damunta tun ba a kwance ba, ya koyar da yara sun fi talatin, yau rabin garejin garin nan jikokin hannunshi ne, amma ko hotonshi guda babu. Su Davidson rumfar katakonsu ma an san faɗinta da tsawonta.

Shi ya sa roƙona gare ka biyu ne Malam Edita. Na farko in za ku buga labarin inji, ku sa wakilinku ya leƙa gareji ya tambayi masu baƙin hannu, ba za mu karɓi ko dala ba, shayi kawai zai saya. Yara na karanta ku suna ɗauka duk abin da kunka rubuta haka yake, yanzu ga yarona na yawo da zancen ƙetare Tenere. Na biyu, yadda kunka ba moton Amurka rabin shahi da hoto mai launi, ku ba tsoffin masu sana'armu ko kwata ne, ku zo ku ɗauki hotonsu da sunansu da shekarar da sunka fara tun suna da rai, baduku ne ko maƙeri ko makanike. Akwai wani tsoho nan bakin kasuwa da ke naɗa wayar dinamo da hannu, idonshi ya fara rauni, in kun yi jinkiri ba za ku iske shi bisa aiki ba.

Shi dai baƙon namu kwana biyu ya yi ya koma. Da zai tahi ya miƙo mini jikka goma, na ce a'a biyu ne aikina, ya ce sauran na kile ne. Ya ce in sai da mishi su biyun, na ce ba na sayarwa ba ne. Wannan karon bai yarda ya shiga rairayi ba, yara sunka tura shi har bakin kwalta shina bisa kamar ango, sannan ya tada, muna jin dum-dum ɗinshi har ya wuce tasha. Yarona kuwa washegari ya samo jan fenti ya rubuta CVO jikin tankin tsohuwar 110 ɗinshi, har yau shi ke nan jiki, C ɗin ma a juye ya rubuta ta.

A gaida ma'aikata duka.

Naka,
Wani tsohon makaniken moto,
Tawa